Ƙorafi Kan Injin Ƙyanƙyasar Da Kuka Sayar Mana

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto ne a madadin ƙungiyarmu ta mata masu kiwon kajin gida, mu da muka haɗa kuɗin adashe muka sayi injinku mai aiki da hasken rana.

Wakilinku ya ce mana kwancin kaza asara ne, tunda duk kazar da ta kwanta ta daina ƙwai ke nan har sai ta yaye 'ya'yanta. Wannan gaskiya ne. Shi ya sa muka kwashe ƙwai daga akurki muka zuba a injin, har da na zabi da muka saba sa wa kaji.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, yana son zafi wajen digiri 37.5 ba tsallake. Allon injinku haka yake nunawa, amma da malamin gona ya sa nasa ma'aunin a ciki, sai ga zafin ya haura 40 da rana. Da dare kuma batirin ba ya kaiwa asuba. Mun haska ƙwan a kwana na bakwai, jijiyoyin jini sun fito sarai, wato zakarunmu ba su da laifi. Da lokaci ya wuce muka fasa, sai ga 'yan tsaki da gashinsu, sun mutu a cikin ɓawo. Wallahi akwai wadda ta zubar da hawaye, domin da su ta yi niyyar haɗa kayan ɗakin 'yarta.

Maƙwabciyata da ta bar kazarta kan ƙwai ba ta ga wannan baƙin ciki ba. Kazar ta bubbuɗe gashi, tana saran duk hannun da ya matso, tana juya ƙwan da baki, ba ta tashi sai ta ɗan ci ta sha ta koma. Yanzu tana yawo da 'ya'yanta a tsakar gida, mu kuwa sai bara-gurbi.

Mun yi ta kiran lambarku, kullum "za a turo injiniya". Takardar bayanin ma da Turanci take, ba wanda ya ce mana a daina juya ƙwai a kwana na 18, ko a ƙara ruwa domin danshi.

Ku turo mai gyara ya auna injin a gabanmu. In ba zai gyaru ba, ku canza mana ko ku maido kuɗinmu, tare da kuɗin ƙwan da ya lalace. Ku kuma fitar da takardar da Hausa. In muka ji shiru, za mu kai maganar hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Wassalam,
Sakatariyar ƙungiya, Funtuwa