In za a taɓa dokar ƙirƙira ta 1970, dan Allah a cire manhaja daga ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki, ya ƙoƙari. Yallaɓai a sammin ɗan fili in yi magana kan manhajar kwamfuta da dokar rajistar ƙirƙira (fatent) ta Najeriya, abin da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, alhali ya shafi tuwonmu mu masu sana'ar kwamfuta.

Ni ƙaramin mai rubuta manhaja ne a nan Kano, ina haɗa wa makarantun kuɗi da masu kemis 'yar manhajar lissafi da ta sakamakon jarrabawa, in kasuwa ta yi sanyi kuma in koma gyaran laftof. Kusan duk kayan aikina manhaja ce mai 'yanci, irin su Linux da LibreOffice. Ku lura 'yanci na ce, ban ce kyauta ba, don ana iya sayar da ita ma a ci riba. Abin da ake nufi shi ne ka yi aiki da ita yadda ka ga dama, ka buɗe cikinta ka karanta ka gyara, ka kwafa ka ba maƙwabcinka, in ka yi gyara ka raba wa jama'a, ba wanda zai ce ka yi sata. Wani Ba'amurke Richard Stallman ne ya faro tafiyar a 1983 da aikin GNU, sai wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux a 1991. Wanda ke karanta wasiƙar nan a wayar Tecno ko Infinix, to Android ɗin da ke ciki a kan Linux aka gina shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya jefa ni wannan layi, wata makaranta ce aka kira ni, sakamakon ɗalibansu na shekaru yana cikin wata manhaja da suka saya, wanda ya sayar musu ya yi ɓatan dabo, lambarsa ba ta shiga, manhajar kuma ta kulle tana neman a sabunta lasisi. Ga kwamfuta tasu, ga sunayen yaransu, ga kuɗi sun biya, amma ba halin buɗewa. Sai da malamai suka zauna suna sake shigar da maki daga takarda, wallahi har da masu kwana a ofis. Tun ranar duk wanda na yi wa aiki sai na haɗa masa da kod ɗin, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, a filash, ko na mutu gobe wani ya ɗora.

Kar a ɗauka ni maƙiyin haƙƙin mallaka ne fa. Mun ga abin da masu satar fasaha suka yi wa 'yan fim ɗin Hausa zamanin faifan CD, mutum ya ci bashi ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi an buga na jabu an cika kasuwa. Kuma lasisin GPL da muke taƙama da shi, wato takardar sharuɗɗan da ake sakin manhaja mai 'yanci irin su Linux a kai, shi kansa a kan dokar haƙƙin mallaka yake tsaye, da ita ne marubucin ke cewa na yarda ka ɗauka ka gyara, amma in za ka raba kai ma sai ka bar ta a buɗe. Don haka da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 a watan Maris na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ban ji haushi ba, akwai alheri a ciki, musamman sauƙin da aka yi wa makafi na mayar da littafi yadda za su iya karantawa. Ƙorafina biyu ne. Ana lissafa manhaja a sahun rubutun adabi, wato kariya har ƙarshen ran marubuci da ƙarin shekara 70, abin da ko shekara 10 bai cika yi ba ya tsufa. Sai kuma sashen da ya hana karya makullin da kamfani ya sa wa kayansa. Amurka ta yi irinta a 1998, ga shi manomansu da suka sayi tarakta John Deere da kuɗinsu sun yi ta rigima kan a bar su su gyara abinsu, duk bayan shekara 3 sai an koma an roƙi gwamnati ta sabunta togaciya. Tamu dokar ta bar wasu ƙofofi, mun gode, amma yaron da ke filashin waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba lauya ba ne, ya kamata hukumar haƙƙin mallaka ta fito ta faɗa masa da Hausa inda iyakarsa take.

To amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Babban tsorona takardar ƙirƙira ce, wadda 'yan boko ke kira fatent. Mutane na haɗa ta da haƙƙin mallaka wuri ɗaya alhali hanyar jirgi daban ta mota daban. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun da ka yi da hannunka ne, in na zauna na rubuta nawa daga kaina ba ruwanka da ni. Shi ko fatent dabarar kanta yake kamewa, shekara 20, ko ban taɓa jin sunanka ba, ko a ɗakina na gano ta ni kaɗai, na shiga gonarka. Kamar a ce wani ya je Abuja ya yi rajistar juya shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce, sai duk mai shayin da ke Kano ya dinga biyansa kafin ya ɗaga hannu. Za ka ce wasa nake. A 1999 Amurka ta ba Amazon fatent a kan sayen kaya da danna maɓalli sau ɗaya, ya yi ta aiki har 2017. Haka MP3 da muke jin karatu da waƙa da shi, sai a 2017 takardunsa suka ƙare, kafin nan wasu nau'o'in Linux kamar Fedora ba sa zuwa da shi, sai ka je ka nemo da kanka ka saka.

A injin niƙa ko famfon ban ruwa abin yana da ma'ana, mutum ya kashe kuɗi ya ƙera ƙarfe. Manhaja lissafi ce, ƙaramar manhaja ɗaya tana ɗauke da ɗaruruwan dabaru, wa zai zauna ya bincika ko kowacce tana da mai ita? Kuma mai manhajar 'yanci ba ya ƙirga kwafi nawa aka ɗauka, to ta ina zai biya kuɗin kowane kwafi?

Dokarmu ta fatent tun 1970 take, zamanin Gowon, ba ta ambaci manhajar kwamfuta ba sam. Abin da ya fi ɗaure kai, ofishin rajistar da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu ba ya bincika ko abin da ka kawo sabo ne, takardu kawai ake dubawa in sun cika a ba ka, in akwai mai ja sai ku haɗu a kotu. Doka mai shekara sama da 50 dole wata rana a sake ta, kuma ranar manyan kamfanoni da lauyoyinsu za su cika zauren, mu ko labari ba za mu ji ba sai an gama.

Wasu abokaina na cewa ai fatent zai kare matasanmu masu fasaha kar a sace musu tunani. Ni dai na ce a duba wa ke da kuɗin shari'a. IBM ya yi shekara 29 a jere yana kan gaba wajen karɓar fatent a Amurka, dubbai duk shekara. Kai da naka guda ɗaya ka kai su ƙara, su zaro goma da suka ce ka taka, wa zai fara gajiya? Ga kuma kamfanonin da ba sa ƙera ko allura, sayen takardun nan kawai suke suna bin mutane da barazanar kotu. Ita kanta Amurkar sai da kotun ƙolinta ta ja birki a 2014 a shari'ar Alice, ta ce ɗaukar tsohuwar dabara ka ce a yi ta da kwamfuta bai zama ƙirƙira ba.

Kuma ba mu za mu fara ƙi ba. A watan Yulin 2005 majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da ƙudirin fatent ɗin manhaja da ƙuri'a 648, masu goyon baya 14 kacal. New Zealand ta rubuta a dokarta ta 2013 cewa manhaja ita kaɗai ba ƙirƙira ba ce, Indiya ma tana da irin wannan layin a tata.

Layin nan ɗaya nake roƙo a saka mana. In da hali a ƙara da cewa duk manhajar da aka rubuta wa gwamnati da kuɗin jama'a a saki kod ɗinta, yadda abin da Jigawa ta biya aka yi mata Katsina ba sai ta sake biya ba.

Yallaɓai Edita, kuna da wakilai a majalisa, dan Allah duk ranar da aka sa zaman jin ra'ayin jama'a kan dokar nan ku sanar da mu da wuri, da Hausa, ba bayan an tashi ba. Mu nan akwai mu da yawa, za mu yi karo-karo mu sa mutum biyu a mota su je.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja,
daga Kano.