Gaisuwar Babbar Sallah daga Andalus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, barkanku da Sallah. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Ina fata kuɗin rago sun iso kan lokaci, kuma Inna ta samu hantar da take so. Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku da ta dame ni tun daren jajibiri.

Mun yi Idi a wani fili nan garin El Ejido da ke kudancin Sifaniya, yawancinmu ma'aikatan rumfunan leda ne da ake noman tumatir da tattasai, 'yan Maroko da Senegal da Mali. Nan ba a yanka a ƙofar gida, sai a mayanka, don haka babu ƙaurin babbaka, babu yara masu yawon barka da Sallah. Da aka shafa fatiha na koma ɗaki, zuciyata duk ba daɗi. Abokin aikina ɗan Maroko ya lura, ya ce in shirya, gobe za mu Granada, ya riga ya sayo mana tikitin shiga tsohuwar fadar Alhambra tun makonni da suka wuce, don in ba a yi haka ba ba a samu.

Da asuba muka hau mota, kafin hantsi mun isa. Baba, wannan ita ce Garnaɗa ta ƙasar Andalus da malamai ke ambata. Musulmi sun shigo ƙasar a 711, kuma wannan birni shi ne na ƙarshe da ya rage a hannunsu, har farkon 1492 da sarkinsa Abu Abdullahi ya miƙa makullai ga sarakunan Kirista, Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. Alhambra fadar sarakunan ce, a kan tudu, ganuwarta ja kamar jar ƙasar wajenmu, shi ya sa ma aka kira ta Alhamra'u.

Daga waje ba ka ce komai ba. Da muka shiga ciki sai na rasa inda zan ajiye idona. An sassaƙa bango tun daga daidai ƙirji har rufi, zane kan zane, ya fi aikin wuyan babbar riga ƙanƙanta. A wani tsakar gida akwai zakuna 12 na farin dutse sun goya kwarya guda, ruwa na fita daga bakinsu yana bin 'yan ƙananan magudanu zuwa ɗakuna. Ko'ina ka juya ƙarar ruwa kake ji, ga rana tana ƙuna a waje amma ciki sanyi.

Abin da ya sa na zauna rubuta muku shi ne wannan. Turawa cike da wurin suna ɗaukar hoto, mai yi musu jagora yana nuna musu bango. Na matsa kusa, sai na ga ashe rubutu ne a cikin zanen, kuma ina iya karanta shi: Wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah. Na ɗaga kai, ga shi can kuma. Na shiga wani ɗakin, ga shi. Wata tsohuwa Baturiya ta ji ina karantawa a hankali, ta tambaye ni ma'anarsa, na faɗa mata da ɗan Sifaniyancin da na iya. Wallahi Baba, a take na tuna zauren gidanmu, da yadda kuke riƙe hannuna kan allo da sanyin safiya ina kuka. Hawaye suka zo mini, na koma gefe na yi muku addu'a.

Da azahar muka hau unguwar Albaisin da ke fuskantar fadar. Lungunanta matsattsu ne, gidajen farare, sai ka ce cikin birnin Katsina aka shafa wa farar ƙasa aka ɗora kan dutse. A can sama akwai masallacin da aka buɗe a 2003, bayan garin ya yi shekara wajen 500 ba a ji kiran salla a fili ba. Malikawa ne irinmu. Daga lambun masallacin ana hango Alhambra gaba ɗaya, da duwatsun Siyera Nebada a bayanta.

Inna, na san tambayarki: me ka ci? Kada ki damu, ina kula, don shagunan nan da yawa cinyoyin alade ne rataye a rufinsu. Mun gangara wani layi da ake kira Kaldereriya, duk masu shayi ne da abincin halal. Na ci naman rago da aka dafa a tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa har ya saki ƙashi, da kuskus mai kama da burabusko, sai soyayyen gauta da aka yaryaɗa wa baƙin ruwan rake, ɗanɗanonsa kamar an narka mazarƙwaila. Ya yi daɗi, amma babu yaji, kuma bai kama ƙafar soyen Sallarki ba.

Za mu tasha abokina ya sayo mini wani farin abu mai sanyi a kofi, wai orchata. Kurɓa ɗaya na tsaya cak. Kunun aya ne, Inna! Ba dabino, ba kwakwa, amma shi ne. A yankin Balensiya na ƙasar nan suke noman ayar, kuma suna ƙarawa da wadda ake kawowa daga Nijar. Na ce ƙila ta gonakin wajen Maraɗi nake sha. Sai da na sa aka ƙaro mini kofi na biyu.

Hotunan suna wayar Yaya, ya nuna muku, musamman na rubutun bangon, ina so Baba ya karanta da kansa. A gaishe da Kaka da Gwaggo da duk 'yan zaure. Auta ta dage da hadda, goron Sallarta na nan tafe ƙarshen wata. In an samu mai zuwa, Inna ki ɗan ƙullo mini yaji da kuka.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanku.