A Gina Masaukan Baƙi na Tiga da Falgore da Ƙasarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake yawan tayarwa duk lokacin da aka zo zancen farfaɗo da yawon buɗe ido a Jihar Kano, wato gina ƙananan masaukan baƙi a bakin dam ɗin Tiga da dajin Falgore da duwatsun Riruwai. Ba ni da ja a kan a gina su. Abin da ke damuna shi ne da me za a gina su, domin abin da idona ya saba gani shi ne ɗakin bulo da siminti da rufin kwano, a ɗora masa zanko na siminti a kusurwa, a zana dagi a goshinsa, a ce wai an yi ginin gargajiya.

A watan Afrilun bara na kwana a irin wannan ɗaki, a wani masauki na bakin ruwa da ba sai na ambaci sunansa ba. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, kwanon da ya sha rana tun safe ya yi ta juye mana zafi har tsakar dare, sai da muka fito da tabarma muka kwana a fili. Da gari ya waye na lura cewa tagar ɗakin ɗaya tilo tana kallon wurin ajiye motoci, ruwan da muka yi tattaki domin mu gani kuwa yana bayan bangon banɗaki.

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana a lokacin bazara, sa'ad da zafin Kano kan kai digiri 40, ya san irin sanyin da ginin ƙasa ke da shi. Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi iska ta huce, a lokacin hunturu kuma wannan ɗumin ne ke hana mutum makyarkyata da asuba. Maginanmu sun san wannan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sun san yadda ake kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a yi tubali, da yadda ake faɗaɗa gindin katanga a riƙa rage ta zuwa sama, da yadda ake jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗaure bakan gizo ko ɗaurin guga, wato ginin baka mai ɗauke da rufi, har a rufe babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Maganin ruwa ma suna da shi, wanda ake shafe gini da shi: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ga kuma indararo mai jefa ruwan rufi nesa da bango. Katsin nan har gobe ana samunsa a marinar Ƙofar Mata.

Baƙon da ya baro Legas ko Turai ba siminti ya zo kallo ba, yana da shi a gida. A ƙasar Norwe, inda sanyi ne abokin gaba, har yanzu ana rufa bukkokin hutu na katako da ƙasa mai ciyawa kamar yadda kakanninsu suka yi, ba su ɗauki hakan ƙauyanci ba. Ba ma sai mun je nesa ba. Masallacin Yama da ke yankin Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, kuma Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar bulon ƙasa da ya gina a ƙauyensu na Gando, ya karɓi kyautar Pritzker ta masu zanen gine-gine a 2022.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Ginin ƙasa yana tsoron ruwan Agusta, musamman bangon gabas inda hadari ke dukansa, kuma wajen Falgore ya fi birnin Kano ruwa. Amma ginin ƙasar da muke gani yana zubewa, akasarinsa wanda aka daina yi wa yaɓe ne, ko wanda aka shafe da siminti, simintin ya tsage, ruwa ya shige bayansa ya jiƙa katangar ba wanda ya sani. Saboda haka duk mai gina masauki ya sa kuɗin yaɓen shekara-shekara a kasafinsa tun farko, kamar yadda yake sa kuɗin man janareta, kuma ina da yaƙinin na yaɓen ba zai kai na man ba. Ya kuma ɗora katangar kan harsashin dutse mai tsawo, tun da dutse ba ya wuya a Tiga da Riruwai. Matsalar da ta fi wannan girma ita ce azara, domin giginya tana daɗewa kafin ta isa sara kuma tana ƙaranci. A nan ina ganin ba laifi a rufa wasu ɗakunan da jinka ta shuci, a kuma wajabta wa mai masauki dasa giginya a harabarsa.

Game da fasali, ɗakunan su kasance ƙanana, a warwatse ƙarƙashin itatuwan da aka tarar, kada a share daji da katafila sannan a dawo ana dasa furannin waje. Kowane ɗaki ya sami ɗan zaure ko rumfa mai kallon ruwa ko dutse, da ƙananan tagogi a sama domin iska mai zafi ta fita, da daɓe a ƙasa, da ɗan tsakar gida mai zagaye da zana inda iyali za su sake ba tare da idon baƙo ba. Banɗaki kaɗai ne zan yarda a sa masa siminti da tayil, a kuma nisanta bututunsa daga katangar ƙasa.

Kirana ga ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido da masu zuba jari shi ne su zaunar da masu zanen gine-gine na jami'o'inmu tare da Sarkin Magina da mutanensa tun kafin a ja layi ɗaya a takarda, a fara da ɗakuna biyu ko uku a bakin Tiga, a bar su su ga damina biyu, a auna zafin cikinsu a Afrilu a kwatanta da na ɗakin kwano da ke kusa. Maginan da suka iya ɗaurin guga yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu da dama sun koma aikin bulo saboda can ne ake samun na cefane.

Na gode da wannan fili.

Naka mai karatu,
daga unguwar Yakasai, Kano