Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan siffofi, Sakkwato

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa.

Aikin da ya cinye mana shekara shi ne ayarin raƙuman nan da muka ƙera a ma'aunin 1:35, inda mutum mai tsawon santimita 175 yake komawa santimita 5, ko ɗan yatsa bai kai ba. Ƙashin kowane raƙumi jan ƙarfe ne da muka zare daga tsohuwar wayar lantarki, sannan muka lulluɓe shi da Milliput, wani ƙullun ƙera siffofi mai sandarewa da kansa. A nan muka ji jiki. Ƙullun kashi biyu ne, da an cuɗa su ya fara yin tauri, zafi kuwa ƙara masa sauri yake. A watan Afrilu, da zafin garin nan ya haura digiri 40, kafin ka gama tozo wuya ya sandare. Ni kaina raƙuma biyu na zubar. Ala tilas muka koma cuɗa kamar ƙwayar gyaɗa, muna zama aiki bayan sallar asuba.

Sirdi da jakunkuna kuwa ba mu saya ba. Guntayen fatar jar akuya muka roƙo wurin dukawa, muka kankare bayanta da reza har ta yi laushi kamar takarda. A ganina ta fi duk wata roba da ake kawowa daga waje kyau. Yashin ƙasan ayarin daga bakin kogin Rima aka ɗebo, aka tankaɗe da rariya.

Maganar fuska ta ɗauke mu zama biyu, domin wasunmu ba su yarda a fitar da ido da hanci ba, saboda dalilin addini. Aka tsaya a kan barin fuska a shafe. Buzayen ayarin dai sun hutar da mu, tunda rawaninsu ya rufe kusan komai.

Ƙurar hunturu ta ɓata mana fenti sau ɗaya. Yanzu kowa na kife kwano a kan aikinsa har ya bushe. Wanda kuma ya gasa Fimo, wato yumɓun roba da sai an gasa yake tauri, a murhun gawayi ya ga yadda ta kaya. Digiri 110 yake buƙata, na minti 30.

Baɗi, in Allah ya kai mu, 'yan lifida za mu ƙera, bayan mun je gidan tarihi na Waziri Junaidu. Masu bashin kuɗin wata, ma'aji na jiranku ranar Asabar.

Sakatare