Gaisuwar Ista daga Magenta

Zuwa ga Mama da Baba da dukan mutanen gida,

Barkanmu da Ista! Almasihu ya tashi. Ina fata kun ga ƙarshen azumi lafiya, zafin bazara kuma bai matsa wa Baba ba. Ni lafiyata ƙalau, aiki sai godiya. Tsohuwar da nake kula da ita ta ji sauƙin ƙafa. Jikokinta sun zo mata da wani burodi mai zaƙi da siffar kurciya, wanda ba a bikin Ista a Italiya sai da shi. Na ci, amma raina na kan shinkafa da miyar kajin da Mama ke aika wa maƙwabta a kwanon samira.

Auta ta sanar da ni cewa matar Yaya na da juna biyu. Allah ya raba lafiya. Jin haka ne ya sa zan ba ku labarin wata mata 'yar wannan gari, Waliyya Gianna Beretta Molla, wadda aka haifa a nan Magenta, kusa da Milan, a 1922. Likitar yara ce. Ɗakin da take duba marasa lafiya yana Mesero, wani ƙaramin gari nan kusa, kuma a can kabarinta yake. Tun tana budurwa take cikin ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul mai kai wa matalauta da tsofaffi taimako har gida. Ta so ta bi yayanta Fada Alberto, wanda shi ma likita ne, zuwa aikin mishan a Barazil, amma lafiyarta ba ta bari ba. Sai ta auri wani injiniya, Pietro Molla, a 1955, suka haifi 'ya'ya uku.

A 1961, ciki na wata biyu, aka gano ƙari a mahaifarta. Ana iya cire mahaifar ɗungurungum ta tsira, Ikilisiya ma ba ta hana hakan ba. Ita kuwa ta ce a yanke ƙarin kawai, a bar mata ɗanta, alhali a matsayinta na likita ta san haɗarin sarai. Da haihuwa ta matso, ta gaya wa mijinta cewa in ya zama dole a zaɓi ɗaya, a ceci jaririn. Ranar Asabar Mai Tsarki, 21 ga Afrilu 1962, aka yi mata tiyata a Monza aka ciro 'ya mace. Ciwo ya shiga cikin Gianna, bayan mako guda ta rasu, tana da shekara 39.

Masu wa'azi galibi a nan suke tsayawa. Ni abin da ya biyo baya ya fi taɓa ni. Pietro ya rage da yara huɗu, babbansu bai cika shekara shida ba, dangi suka taya shi reno. Bayan shekara biyu kuma ta biyun, Mariolina, ta bi uwarta. Mama, kun san wannan zafin, ba sai na faɗa ba. Mutumin nan ya rayu har ya ga ranar 16 ga Mayu 2004, lokacin da Fafaroma John Paul na Biyu ya sanya matarsa cikin waliyyai, yana wurin tare da 'ya'yansa. Jaririyar nan, Gianna Emanuela, ta girma ta zama likitar tsofaffi, daga baya ta ajiye aikin ta yi jinyar mahaifinta har ya rasu a 2010, shi ma ranar Asabar Mai Tsarki. Yau har a Amurka akwai gidan da ke ɗauke da sunan Gianna, inda ake ba mata masu ciki marasa galihu masauki da abinci har su sauka.

Abu ɗaya nake roƙo kada a juya labarin nan. Gianna ba ta guji asibiti ba. Ta je awo, ta yarda da wuƙar likita. Ba na so in ji an ce wa matar Yaya ta yi haƙuri a ɗaka kamar yadda iyaye suka yi. Yaya, da kai nake: ranar awo ka ɗauke ta a babur da kanka, ka tabbata tana shan maganin ƙarin jini.

Na turo saƙo ta hannun Yaya. Kaso ɗaya na gida ne, da kuɗin makarantar Auta. Ɗayan kuma, Mama, ku kai wa Zumuntar Mata a ajiye shi don kuɗin mota, duk matar da naƙuda ta kama da dare a unguwa, ta coci ce ko ba ta coci ba, a kai ta asibiti ba tare da an tsaya neman rance ba. Ku shawarta da Fada kan wadda za ta riƙe.

A gaida Fada da Katakis, da Gwaggo, da su Baba Ƙarami. Auta ta turo mini hoton ankon bana.

Taku 'yar,
daga Magenta, Italiya