Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Neman Tallafin Intanet Ga Ƙauyukanmu

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayenmu na kwamitin amintattu, 'yan uwa mambobi maza da mata.

Ga rahoton shekara kamar yadda dokar ƙungiya ta ɗora wa ofishin sakatare. Ya zo a makare da kusan wata guda. Ni da Ma'aji ne muka jinkirta shi, muna jiran waɗanda suka yi alkawarin biyan bashin kuɗin wata su cika, mu rufe littafi da lissafi mai kyan gani. Ba su cika ba, sai muka rufe shi a yadda yake.

An yi tarukan wata-wata, in ban da biyu da aka ɗage saboda ba a cika adadin da doka ta ce ba. Bayanansu na cikin kundin taro ga mai son dubawa.

Zan fara da aikin auna sabis da taron da ya biyo bayansa, domin tun kafuwar ƙungiyar nan ba mu yi abin da ya kai shi ba. Kun san ƙorafinmu na shekara da shekaru: duk inda muka kai kuka, sai a buɗe mana taswira a ce ai yankinku akwai sabis. Kuɗin da gwamnati ke warewa don kai intanet karkara kuwa taswirar nan yake bi. Wurin da aka shafa wa launi a matsayin mai sabis ya fita daga layin tallafi, ko da mutanensa sai sun hau tudu kafin saƙo ya fita daga wayarsu. Ba mu kaɗai wannan ya taɓa ci ba. A Amurka an daɗe ana lissafa yanki guda a matsayin mai intanet in dai gida ɗaya a cikinsa na samu. Da majalisarsu ta ware dala biliyan 42.45 a 2021 don wannan aiki, sai da hukumar sadarwarsu ta fito da sabuwar taswira ta gida-gida a 2022, aka kuma ba jama'a damar ƙalubalantar ta, kafin a raba kuɗin tsakanin jihohi. Wannan ne ya ba mu dabarar mu ma mu zo da namu awon maimakon kuka da baki.

Mun raba matasa gida huɗu, kowane rukuni da wayoyi masu layukan kamfanoni daban-daban. A kowane ƙauye sun tsaya a makaranta, da ƙaramin asibiti, da tsakiyar gari, su rubuta wurin da lokacin, su gwada kira, su gwada buɗe shafi, su auna saurin intanet in ya kama. Sau uku ake komawa kowane wuri, da safe da rana da bayan magariba, don kada a ce mana sa'a ce ba mu taka ba. Yaran nan sun yi makonni suna wannan zirga-zirga ba tare da an ba su ko sisin kwabo na alawus ba. Mai kawai muka iya zuba musu a babura, shi ma ba kullum ba. Allah ya saka musu da alheri.

Akwai abin da na gani da idona a ɗaya daga cikin fitar. Ma'aikaciyar lafiya ce ta gama cika rahoton rigakafi a wayarta, ta danna aikawa, sannan ta sa wayar a leda ta miƙa wa wani yaro ya hau katangar bayan asibiti ya ɗaga hannu sama. Muna tsaye muna kallon agogo, sai da aka haura minti ashirin kafin saƙon ya tafi. Ta ce mana duk ƙarshen mako haka take yi, ranar da aka yi hadari kuwa sai ta hau mota ta kai takarda da hannu. A taswira, asibitin nan yana tsakiyar wurin da aka ce sabis ya wadata.

Da muka haɗa sakamakon, kwamiti ya yanke shawarar kada a yi taron gabatarwa a birni. Wasu sun yi ja, suna cewa manya ba za su zo ba. Hajiya Mataimakiyar Shugaba ce ta tsaya kai da fata cewa a yi shi a makarantar ƙauyen da ya fi kowanne rashin sabis, gani ya kori ji. Sun kuwa zo: jami'i daga ofishin da ke kula da asusun tallafin, injiniyoyi daga kamfanonin waya biyu, masu unguwanni, malamai, da mata da yawa fiye da yadda muka tanadi kujeru. Kafin a buɗe taro da addu'a, ɗaya daga cikin baƙin ya ciro waya zai kira direbansa, ya zagaya harabar makarantar sau biyu bai samu layi ba. Da ya dawo ya zauna, shi da kansa ya nemi a ba shi kwafin awonmu.

Jawabin injiniyan da ya yi magana a madadin kamfanoni ya buɗe mana ido, kuma ina so waɗanda ba su halarta ba su san abin da ya ce. Turken sadarwa ba ƙarfe ba ne kawai da za a kafa a tafi. Yana buƙatar wuta dare da rana, ko ta sola da batura ko ta janareta, yana buƙatar mai gadi, sannan dole a haɗa shi da babbar hanyar intanet, ko ta igiyar fayiba ko ta eriya mai harba saƙo zuwa wani turken. Ita fayibar, ba igiyar ce mai tsada ba. Haƙa ramin da za a binne ta da kuɗin izinin bin gefen hanya su ke cinye mafi yawan kuɗin. Kamfani yana lissafa mutum nawa ne za su sayi data a wurin, in bai ga zai mayar da kuɗinsa ba, ba zai zo ba. Wannan giɓin ne asusun gwamnati yake cikewa. A ƙasashe da yawa ana yankar wani ɗan kaso daga kuɗin shigar kamfanonin waya a zuba cikinsa, sannan a yi tallar aikin, kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi ake ba. Jami'in asusun ya karɓi rahotonmu a gaban jama'a, ya sa hannu a kwafinmu, kuma bayan watanni biyu aka turo mutanensu suka sake auna wurare uku daga cikin waɗanda muka nuna. Awonsu bai saɓa da namu ba.

Yanzu sai inda muka gaza, kuma ina roƙon a saurari dalili kafin a yanke hukunci.

Takardar neman a sa ƙauyukanmu cikin jerin waɗanda za a gina wa turke ba ta shiga a zagayen bana ba. Na ji ana cewa sakatariya ce ta yi sakaci. Ba haka ba ne. Sharuɗɗan sun haɗa da sabunta rajistar ƙungiya, da lissafin kuɗi na shekara biyu wanda akanta mai lasisi ya sa wa hannu, da takardar amincewar masu filin da za a kafa turken. Ta filin mun samu, dattawa sun yi ƙoƙari. Sauran biyun kuɗi suke ci, kuma a lokacin abin da ke asusu bai kai kuɗin akanta ba. Na kai maganar gaban taro sau biyu, na rubuta a zauren WhatsApp, na bi mutane gida-gida. Kafin kuɗin su taru an rufe karɓa. Takardun suna nan a haɗe cikin fayil, ba abin da ya ɓata, amma mun yi asarar shekara.

Ɗakin kwamfuta na makaranta ma yana nan yadda kuka bar shi, an yi rufi ba a sa sola ba. Shawarar da aka kawo ta a sayi na'urar intanet ta tauraron ɗan'adam kwamiti bai ƙi ta don ƙiyayya ba. Na'urar sau ɗaya ake saye, amma kuɗin wata ba ya tsayawa, kuma ƙungiyar da ba ta iya tara kuɗin watanta ba bai kamata ta ɗauko wani nauyin na wata-wata ba. In an samu mutum biyar da za su ɗauki nauyin shekara guda a rubuce, gobe ma a shirye muke.

Ga masu cewa shekara nawa muna abu ɗaya, ina tuna musu cewa Indiya ta fara shirin kai fayiba ga majalisun ƙauyuka kusan 250,000 tun 2011, ta ɗage wa'adin kammalawa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ga ta da kuɗi da ma'aikata. Alƙaluman hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun nuna mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, biliyan 1.8 daga cikinsu mazauna karkara ne. Kashi 83 cikin ɗari na mutanen birni suna amfani da shi, na karkara kuwa kashi 48. Layin masu jira dogo ne, wanda takardunsa ba su cika ba kuwa baya ake mayar da shi.

Maganar kuɗin wata ita ce ta fi ci mini rai. Waɗanda suka biya cikakke bana ba su kai rabin masu rajista ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun shekarar da aka yi zaɓe, amma shi ne na farko wajen tambayar ina aka kwana a zaure. Abin da ya fi ciwo, yawancin masu bashin mazauna birni ne, masu albashi, waɗanda intanet ba ya yanke musu. Manoma da malaman ƙauye, waɗanda sai sun zo gari suke ganin saƙon tunatarwa, su ne ba sa fashi. Wata dattijuwa ta aiko da nata na wata shida a ƙulle cikin leda ta hannun jikanta, da saƙon a yi haƙuri ta makara. Na gaji da bin mutane kamar mai bara, kuma Ma'aji ya sanar da kwamiti cewa ba zai sake tsayawa ba in wa'adinsa ya cika. Ban ga laifinsa ba.

Kwamiti ya amince cewa daga wata mai kamawa za a aiwatar da sashen doka da ya hana mai bashin fiye da wata shida jefa ƙuri'a ko riƙe muƙami. Wanda yake cikin hali na rashi ya same ni ko Ma'aji a keɓe, za a yi masa sassauci ba tare da kowa ya ji ba. Kuɗin da suka fara shigowa na akanta ne da sabunta rajista, don a buɗe zagaye na gaba muna riƙe da fayil cikakke. Muna kuma neman mutum uku da za su karɓi aikin sake awon a ƙauyukan da ruwa ya hana mu shiga, da zarar hanya ta bushe. Mai sha'awa ya ba da sunansa kafin a tashi daga babban taro.

Cikakken lissafin shiga da fita yana hannun Ma'aji, zai karanta shi bayan wannan rahoto.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya