Ranar riga-kafi a rika duba girman yaro, ba nauyinsa kadai ba

Assalamu alaikum Edita, ina maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ara min fili in yi kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar Zamfara da hukumar da ke kula da kananan asibitoci, da mu kanmu malaman nazare da Islamiyya, akan yaran da girmansu ke zuwa da jinkiri amma ba a lura sai lokaci ya kure.

Ni malamar nazare ce a nan Gusau, kuma kusan duk shekara sai an kawo min yaro dan shekara hudu ko biyar wanda baya hada magana, ko a kira sunansa ta baya bai juyo ba, in ka tambayi uwar sai tace ai tun yana goye ta ga ba kamar yayyensa yake ba, ta fada a gida aka ce nauyin baki ne gado ne, babansa ma haka ya yi, wata kuma an ce mata shafar iska ce aka yi ta hayaki da rubutu har shekaru suka tafi. Abinda ke min ciwo wallahi shine wannan yaron fa an sha kai shi asibiti. An masa allura ranar haihuwa, da sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, wasu har ta wata 15. Duk zuwa sai an dora shi a sikeli an rubuta a kati, amma ba wanda ya tambayi uwar ko ya fara zama, ko yana gwaranci.

Ban ce laifin ma'aikatan bane, na san layin ranar riga-kafi, mace daya ce da sirinji da rajista ga mata cike da rumfa. Amma tambayoyin nan basa cin minti biyu, ga alamomin da za a tambaya akai. Yaro ya wuce wata 3 baya murmushi in an masa wasa. Wata 4 wuya bai tsaya ba. Wata 9 baya zama da kansa, kofa ta buga da karfi ko gezau. Ya shekara baya gwaranci baya neman mutane da ido. Wata 18 ko tatata babu. Shekara 2 bai iya hada kalma biyu irin "Inna zo" ko "ba ni" ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna kusan duk yaro mai lafiya ya zauna da kansa wajen wata 9, ya taka kafin wata 18. Wanda ya wuce haka ba wai an yanke masa hukuncin nakasa bane, a'a, a duba shi ne kawai, kuma bakwaini dama ana rage masa satuttukan da ya yi saurin zuwa. Wanda ba a jira ko kadan shine yaron da ya iya abu sannan ya daina, yana magana ya yi shiru, yana tafiya ya koma rarrafe.

Mu a Zamfara bai kamata ace sai an tuna mana wannan ba. A 2010 gubar dalma ta wajen nikan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a kananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma, daga baya ga Bagega, kungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. An kirga wadanda suka rasu Allah ya jikansu, to wadanda suka rayu fa? Dalma kwakwalwa take tabawa, kuma abinda ta bata baya dawowa daidai, yaro zai tashi da wahalar koyo ace dakiki ne. Hakar zinare kuma ba a daina ba. Ga tamowa da ta yi mana katutu musamman gun 'yan gudun hijira, ga zazzabin cizon sauro mai hawa kai da jijjiga, ga sankarau lokacin zafi mai barin yaro da kurumta, ga doguwar nakuda a gida jariri ya fito bai yi kuka ba. Sai shawarar jarirai, idon jariri ya yi dorawa a kwanakin farko ace a shanya shi a hantsi ya isa, alhali in ta yi yawa fitilar asibiti ake sa shi karkashinta, in an makara ta taba kwakwalwa da ji. Duk yaron da ya bi ta daya cikin wadannan ya kamata a yi masa alama a kati, a rika sa masa ido fiye da sauran.

Icce tun yana danye ake tankwara shi. Shekarun nan uku na farko kwakwalwa ke gina kanta da sauri, gashin kashi da motsa gabobi ga yaro mai sankarewar jiki sun fi amfani a lokacin, haka kurma in an gane shi da wuri iyaye su fara masa magana da hannu, ba sai ya zo makaranta ya sha bulala ana ce masa mai kunnen kashi ba. Wannan na bulala na gani da idona kuma har yau yana damuna.

Rokona, a buga alamomin nan da Hausa, da boko da ajami da hotuna, shafi guda tak, a lika a kowane dakin riga-kafi da dakin awo. A koyar da su a makarantar kiwon lafiya ta Tsafe da ta koyon aikin jinya, a kuma koya wa ungozomomi da masu bi gida-gida da maganin zazzabin damina, tunda su ne ke shiga inda likita baya shiga. Mu malamai ma a kira mu bita, galibinmu ba wanda ya taba nuna mana yadda ake gane yaron da baya ji, ko yadda za mu fada wa uwa ba tare da ta ji an zagi danta ba. Domin in aka fada da gatsali ba zata sake dawowa ba, boye shi zata yi a daki.

Sannan in an gano, ina za a tura ta? Nan ne gizo ke sakar. Matar da ke Maru ko Shinkafi ko Gummi ace mata ta tafi Gusau ko Sakkwato, da wane kudin mota, kuma ta wace hanya a wannan hali na tsaro? Ko sau daya a wata ne a rika turo mai gashin kashi da mai gwajin ji zuwa babban asibitin kowace karamar hukuma cikin 14 din nan, a sanar a rediyo da masallatai. Maza kuma dan Allah in mai dakinka tace maka yaron nan akwai abinda bai yi mata ba, ka bata izini da kudin mota a je a duba.

Na gode Edita, Allah ya kara daukaka.

Daga wata malamar nazare, Gusau, jihar Zamfara.